Tsohon Zane a Katangar Makewayi

Aikina a Diffa koyar da kwamfuta ne, a wata makarantar koyon sana'a da ba ta da nisa da kasuwar tattasai. Daga Damagaram aka turo ni, na zo da niyyar shekara biyu, aure ya zaunar da ni. Darasin da na fi so shi ne na yadda inji ɗaya ke tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Duk aikin da ka buɗe, babban tsarin da ke riƙe da injin sai ya yanka masa ɗakinsa a cikin ƙwaƙwalwa, ya hana shi leƙa ɗakin wani. In ayyuka biyu suna son magana, sai a shimfiɗa musu bututu, wannan ya zuba saƙo ta nan, wancan ya ɗiba ta can. In kuwa abu ɗaya suke buƙata dukansu, wanda ya riga sai ya rataya alama, sauran su jira har ya gama ya cire. Ɗalibaina hamma suke yi in na zo nan. Ni kam ban taɓa ganin wuyarsa ba, domin gidana ma haka yake tafiya.

Mu uku ne a gidan: ni, da matata, da mahaifiyarta. Iya ta zo wurinmu ne shekarar da rikici ya watsa mutanen garin Bosso, da ƙunshin kaya ɗaya a ka. Tsohuwa ce mai tsananin kunya, ni ma ba baya ba. In na fito tsakar gida, ta shige ɗaki. In na ji motsinta, sai in tsaya gyaran takalmi har ta wuce. Gaisuwar safe daga bakin labule nake yi a durƙushe, ta amsa da "wushe" ɗinta na Barebari, shi ke nan an gama maganar yini. Duk abin da ya wuce wannan ta bakin matata yake bi. In Iya na son a sayo goro, matata za ta gaya mini. In ina son a rage barkono a miya, matata za ta kai, ko da yake na lura wannan saƙon bai taɓa isa ba.

Makewayi ɗaya ne a gidan, a nan ake wanka a nan ake kama ruwa, kuma ƙofarsa langa-langa ce marar sakata. Sai muka ware wani tsohon zane shuɗi. Wanda zai shiga ya rataya shi a kan katanga, in ya fito ya sauke. Muddin zanen na sama, ba mai matsowa, ba mai ƙwanƙwasawa. Har alfahari na sha yi da wannan tsari a cikin aji, ban dai faɗi gidan wa ba ne.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. Wata rana aka tura ta ƙarin horo Damagaram. Tana haɗa kaya ta ce da ni:

"Malam, ka sa ido a kan Iya. Kwanakin nan sai maganar ƙanwarta da ke sansanin 'yan gudun hijira na Assaga take yi. Wai ta takura mu, gara ta koma can cikin bukka. In na dawo ban tarar da ita ba, ni da kai ne."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni da nake sasanta ayyuka a cikin inji, tsohuwa ɗaya ce za ta gagare ni?

Da asuba ta yi wanka a gurguje, mai kabu-kabu, wato babur na haya, na ta danna oda a ƙofar gida, ta fita da gudu kada motar Damagaram ta bar ta. Ni na koma na ɗan rage barci. Da na tashi na ɗauki buta, sai na hangi zane a katanga. Na koma ɗaki na zauna. Na sake leƙowa, yana nan. Na duba takardun ɗalibai, na leƙo, yana nan. Ɗakin Iya shiru, amma ai kullum shiru yake, ba yadda za a yi mutum ya gane tana ciki ko ba ta ciki. In tsaya in kira sunan surukata a bakin makewayi kuwa, gara ƙasa ta tsage. Na goge fuska da ruwan buta, na hau babur na yi makaranta da saurin da ban saba ba.

Da na dawo da la'asar zane na nan inda na bar shi. Na ce lallai cikin tsohuwa ne ya ɓaci, tana ta zarya, kunya ta hana ta faɗa. Tausayi ya kama ni. Na juya na tafi kantin magani na sayo maganin gudawa, har da gishirin nan da ake jiƙawa, na ajiye a bakin labulenta, na yi gyaran murya na wuce. A raina ina cewa samun suruki irina sai an tona.

Da magariba na kira matata. Na yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe na ce ina jin kamar Iya ba ta jin daɗin cikinta. Ta kira uwar, ta sake kirana ta ce Iya ta ce lafiyarta lau. To Iya ko wuta ce ta kama zanenta lafiya lau za ta ce, don haka ban yarda ba.

Washegari ma haka. Wanka na koma yi gidan wani abokin aiki, sauran buƙata kuma makewayin masallacin unguwa, har ladan ya fara yaba yadda na ƙara riƙe ibada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maƙwabciyarmu, matar wani soja, mai fara'a da surutu. Na gaishe ta a bakin famfo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta ɗauki bokitinta. Na ce ko mijin ne ya ɓata mata rai.

A ranar muna cikin aji wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba. Da ta dawo aka sake kunna injuna, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta kira ni "mushe", yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, nawa ya ƙi. Wai wani aiki na riƙe da wurin, in jira."

Na zo na duba jerin ayyukan da ke gudana. Ba kowa. Na ji daɗi, don irin wannan misalin ba kullum yake faɗowa ba. Na tara su na gyara tsayuwa.

"Ku duba da kyau. Aikin da ya rataya alamar nan, ɗaukewar wuta ta kashe shi kafin ya sauke ta. Shi ya tafi, alamarsa na nan. Duk wanda ya zo sai ya ga alama ya koma ya zauna, yana jiran wanda ba ya ciki. Haka za su yi ta jira har abada, sai in wani ya zo ya leƙa ya ga..."

Nan asubar jiya ta faɗo mini a rai. Na ga matata da asuba, da jiƙaƙƙen kai, tana neman takalmi ɗaya, mai kabu-kabu na oda.

"Ya ga me, mushe?"

Na yi waje, na hau babur na yi gida. Allin ma a aljihu na same shi daga baya.

Na tarar da Iya a zaure, zaune a kan ƙunshin kayanta, ta yafa mayafin fita. Maƙwabciyar na tsaye a kanta kamar dogari. Tana ganina ta fara, da ƙarfi yadda duk layin zai ji:

"Ka kyauta, malam! Matarka ta ba da baya ka rataya wa tsohuwa zane ka fita, ka hana ta makewayi. Gidana take zuwa a ɓoye tana ba ni haƙuri. Bai ishe ka ba, ka aje mata maganin zawo a ƙofa, wato ita ce mai ɓata maka wuri. Na aika a kira mai babur ya kai ta tashar Assaga."

Ni ina nan ina yaba wa kaina, ashe Iya da ta ji fitar babur ɗina ta ga zane bai sauka ba, sai ta ɗauka magana ce nake gaya mata. Na wuce su, na je na finciko zanen, na tura ƙofar langa-langa. Ƙasa a bushe ƙamas. Sai soson matata da sabulunta a kan dutse, da wani ƙadangare da ya ɗaga kai yana kallona.

Na kwaso soson da sabulun da zanen na dawo zaure. Na durƙusa nesa kaɗan, na juya fuska wajen bango. Shekaru muna gida ɗaya ban taɓa haɗa jimla biyu da matar nan ba. Akuyar gidan na ɗaure a bakin zaure tana tuƙa, sai na ji Iya ta juya wajenta.

"Ke akuya, gaya wa maigidan nan na gode da riƙo. Allah shi saka."

Na ga hanya ta samu. Na fuskanci akuyar ni ma.

"Ki gaya wa Iya ba ni na rataya ba. 'Yarta ce ta yi wanka ta manta. Ga sosonta nan. Ni tun jiya a masallaci nake kama ruwa, na zaci Iya ce a ciki."

Akuya ta ci gaba da tuƙa.

"Tambaye shi," in ji Iya a hankali, "yini biyu cur, ni kaɗai a ciki?"

"Shi ya sa na sayo maganin."

Maƙwabciyar ce ta fara fashewa, ta dafe bango. Sai na ji wani sauti daga cikin mayafin Iya, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Ta yi ta yi har ta koma share ido, daga nan kuma na gane ba dariyar kaɗai ce ke kawo hawayen ba. Da ta nitsa ta ce, har yanzu wajen akuyar take kallo:

"Gaya mashi kar shi ga laifina. Na bar gida sau ɗaya da gudu, ko ƙofa ban ja ba. Na ce wannan karon kafin a ce mani fita, in tashi da ƙafata."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba. Na tuna duk safiyar da na tsaya gyaran takalmi don ta wuce, ina ganin girmamawa ce, ita kuwa Allah kaɗai ya san yadda take fassara shi. Na bar akuya na juyo, ko da yake idona na ƙasa.

"Iya, nan gidanki ne. In kika tafi ba mu da babba."

Can sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, mai kabu-kabu ya danna oda yana tambayar ina mai zuwa tasha. Maƙwabciyar ta dube ni, ni na dubi ƙasa. Iya ta zame mayafin daga kanta ta ninke shi a cinya, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"Tashi ka sallame shi, ɗana. In ka dawo ka shigar mani da kayan nan, sun yi mani nauyi."