Akuyoyin Tanti Raliya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, labari ya iske ni a kasuwar dabbobi ta Dakoro cewa Allah Ya karɓi ran Tanti Raliya, anfirmiya mai jinyar ɗalibai a jami'armu, a gidan wanta Jimrau inda ta zo bakansi, wato hutu. Ina riƙe wa mahaifina igiyar rago aka faɗa, kuma ban iya yin kuka ba, don kada a tambaye ni dalili.

Tanti, ba zan sa sunana a ƙasan wannan rubutu ba. Tsakaninmu za mu karanta shi, mu ɗalibai da malami guda da zuciyarmu ta karkata ga jinsinmu, waɗanda ke kaɗai kika sani kika rufa wa asiri.

Na fara zuwa wurinki da ciwon kan da babu shi. Kika duba ni, kika ce, "Ɗana, wannan ciwo ba na ƙwaya ba ne. Zamna." Kika zuba mini fura, ba ki tambaye ni kome ba har na faɗa da bakina. Ranar da abokan ɗakin Rhissa, ɗaya daga cikinmu kuma ɗan yankinmu, suka watso masa kaya waje suna kiransa da sunayen da ba zan maimaita ba, ke kika wanke masa raunin goshi, kika kai shi gidanki, kika ce wa maƙwabta ɗan ƙawarki ne. Har yau muna dariyar yadda kike yi wa malaminmu faɗa kamar yaron firamare in ya zo bai ci abinci ba.

Kin san cewa mutane za su sa ido in matasa suna yawan shiga gidanki. Sai kika koma ga habbanaye, al'adar makiyayanmu ta ba wanda bai da shi aron dabba mace, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, ya mai da uwar. Duk wanda ya fito daga yankinmu, daga Korahane har Ɗan Gulbi, kika aika masa akuya gida mai shaidarki a kunne. Kika ce, "In an ce mi ya kawo ka, ka ce akwiyata na wurinka, ka zo ba ni labarinta." Da wannan hujja muka samu wurin haɗuwa kowace Lahadi. Can na fara yin magana ba tare da na waiwayi ƙofa ba.

Yanzu abin da ya rufe mu shi ne zai tona mu, Tanti. Za a raba gado, kuma Jimrau ya yi shela cewa duk mai riƙe da dabbarki ya kawo ta ƙofar gida ranar Juma'a, gaban dattawa. Ba da mugun nufi ya yi ba, haka ake yi. Amma labarin Rhissa ya riga ya iso gari. A zaman makokinki na ji wani dillali yana cewa, "Ashe yaron nan ma akwiyatta na gare shi. To, Juma'a mu ga sauran abokan kiwon nashi." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Mahaifina ya san shaidar kunnen kowace dabba a garin nan, taki kuma tana ɗaure a bayan ɗakinmu. Tun ranar, kullum sai ya tsaya ya kalli akuyar, ya wuce. Na yi tunanin in ce ta ɓace a daji. Amma haƙƙin magadanki ne, kuma in duk muka noƙe, Rhissa zai tsaya shi kaɗai da igiya a hannu, gari na kallonsa. Ke ba ki taɓa barinsa haka ba. Zan je, ban kuma san ko zan kwana gidanmu ranar ba.

Uwar zan mayar. 'Yar da ta haifa tawa ce bisa al'ada, na kuwa riga na kai ta gidan wata yarinya da za ta shiga jami'a bana, wadda na ga irin tsorona a idonta. Na gaya mata abin da kika gaya mana: in an ce mi ya kawo ta wurina, ta ce akwiyata na wurinta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Jimrau da 'ya'yanki da dukan dangi, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Tanti Raliya, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mana. Mu kuma da muka rage ba ke, Allah Ya kai mu Juma'a, Ya fitar da mu daga cikinta lafiya. Amin.