Wayar Bashar ta yi karatu, shi yana fadama

Jiya na miƙa wa Bashar alli, na ce ya warware mana lissafin da ke allo. Ya tsaya yana kallon allon, ya kasa rubuta komai.

Bashar na cikin yaran da nake shiryawa jarrabawar shiga jami'a a nan Gesse. Ni na kawo musu manhajar lissafi mai ba da maki da lambobin yabo, wadda in ka tsallake rana ɗaya sai ta mayar da kai baya. Shi ne na ɗaya a cikinta, ko da ya tafi Argungu taya mahaifinsa yankan shinkafa bai sauko ba.

Bayan an tashi na ce, "Bashar, ina makin nan duka suka tafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, can fadama babu sabis. Wayar na bar ma mai caji a gari, kullum shina latsa min darasi mai sauƙi don kar in faɗo."

"To, me ya hana ka tafiya da littafi?"

"Na yi niyya, Malam. Amma littafi ba shi bada maki."

Jarrabawa ta matso, ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya yi kaka guda yana gadin matsayi. Yau mun koma babin farko, ni da shi, da biro da takarda.

Malamai da iyaye, ku ma kun taɓa duba abin da ke bayan makin yaranku?