Mutumin da Bai Hargitsa Akwatin Maigidana Ba

Ƙarfe bakwai da rabi yake shiga ɗakinsa, na ƙarshe a lungun ofis, inda injuna ke gunji, sanyi kuma ya ishi mutum. Ya sa rigar sanyi, ya zauna ya duba akwatin imel ɗin wa ya cika. Shekara ashirin da shida aikinsa ke nan. Mai Rumbu suke ce masa, don shi ke kwashe tsofaffin saƙonnin ma'aikata ya adana. Wannan watan zai ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake karatuna bai wuce aji huɗu ba.

Maigidana mai kula da sito ne a kamfaninsu. 'Yarmu ta fari ta yi aure nesa, ta imel ɗin ofis take rubuto mana, in ya dawo ya karanta mini a wayar aiki. Allah ya karɓe ta wajen haihuwa. Bayan shekara biyu shi ma ya bi ta, wayar ta koma ofis.

Sakatariyar ofishin ce ta raɗa mini cewa akwatin imel ɗin mamaci kwana sittin yake yi a goge shi. Saura kwana tara. Na yafa mayafi na tafi, don maganar 'yata duk tana ciki.

Manaja ya ce, "Mama, akwatin ya yi girma, shekara sha tara bai share saƙo ko ɗaya ba. Za mu juye miki komai wuri guda."

Mai Rumbu ya ce, "Ranka ya daɗe, in na juye kayan ɗakinka tsakar gida, ka ce na adana? Mutumin nan ɗan sito ne fa, ko barka da asuba aka aiko masa sai ya ware mata wurin ajiyarta. Yadda ya jera zan ɗauka."

Sau biyu fayil ɗin yana karyewa wajen kwafa saboda nauyi. Sai ya raba shi shekara-shekara, kowace folda a ƙarƙashin uwarta, yana ƙirga saƙonni kafin ɗauka da bayan saukewa. Na kamfani ya ware gefe. Mai shara ta ce mini kwana huɗu abincinsa yana hucewa a kan tebur. Ta ce haka ya kula da akwatin direban da aka sallama, haka ya kula da na babban darakta.

Rana ta biyar ya kira ni. Ya buɗe folda mai suna "Gida". A ƙarƙashinta akwai biyu. Ɗaya "Na karanta mata". Ɗayar "Ban iya ba tukuna". Saƙo uku ne a ciki, waɗanda 'yata ta aiko a makonta na ƙarshe. Da an juye su cikin saƙonni dubu tamanin, har in mutu ba zan san akwai abin da ban ji ba.

Ya ce, "Yaya, in karanta ko in ba ki wuri?"

Na ce ya karanta. A na biyu ta rubuta, "Baba, ka ce wa Mama ta daina ɓoye maganinta ƙarƙashin filo, na san halinta." Na yi dariya ina hawaye. Shi ma ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Na ce, "To yanzu za ka mayar da su cikin waɗanda aka karanta?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Inda ya ajiye, nan za su zauna."

Kai ne mai riƙon amanar wanda ba zai dawo ya duba ba. Kai ne ka gane yadda mutum ya jera kayansa ma magana ce. Na gode, Mai Rumbu, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya suturta ka yadda ka suturta mu.

Ku da za ku gaji kujerarsa, in akwatin wani ya faɗo hannunku, kada ku yi gaggawa. Ku ɗauke shi yadda mai shi ya bar shi, wataƙila akwai wata uwa da ba a gama karanta mata ba.