Kafintan da ba ya tafiya da tsani

Baba Aro yana buɗe shagonsa kafin yara su wuce makaranta. Ya share garin katakon jiya, ya zauna a benci ya shafa wa gwiwarsa man zafi, sannan ya ɗauko zarto ya bi haƙoransa da magagari. Ba ya kunna rediyo. Ya ce rediyo ne ke sa kafinta ya yanka inda bai auna ba. A bangon shagon, sama da guduma da gwangwanin ƙusa, akwai tsani a rataye. Shi ya yi shi da hannunsa, kuma ba kamarsa a unguwar. Tsanin nan bai taɓa shiga motar ikilisiya ba.

Tun kafin gashinsa ya yi fari yake bin 'yan sa kai na ikilisiyarmu. Duk damina, idan iska ta yaye rufin gidaje a wani gari, sai a loda kwano da katako a tafi. Ma'aikatan ofis ne da tela da nas da mai walda, yawancinsu ba su san kan guduma ba. Baba ne kafintansu. Zai zo da komai, har ƙusar da ya miƙar, amma ban da tsani. Da an isa sai ya shiga gidan da iska ta fi ɓarna, ya yi sallama, ya ce a ara masa. Daga nan sunan ya samo asali. Matarsa takan ce, “Mutum da tsani a rataye kamar hoton aure, ya je yana roƙo a garin mutane. Ni dai na auri abin kunya.” Shi kuwa sai ya ce mantuwa ce. An bar shi a kan mantuwa.

A ƙasar da na yi karatu na ga taimako mai tsari: riguna iri ɗaya, mota cike da kaya, mai ɗaukar hoto a gaba. Aiki ne mai kyau, rufin ba ya yoyo. Fuskar mai gidan ce ban cika son kallo ba, yana tsaye a tsakar gidansa kamar baƙo.

Labarin da zan ba da, daga bakin nas ɗin tawagar na ji, mai waldan kuma ya tabbatar. Damina ce da iska ta yi wa wani gari mummunar ɓarna. A layin da aka ba su akwai gidan wani tsohon direba. Rufin ɗakin kwanansa ya tafi gaba ɗaya, ya shimfiɗa tampol ya danne da duwatsu. A ƙarƙashin tampol ɗin matarsa ce kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ga tari ya kama ta tun ranar da ruwa ya jiƙa katifar. Nas ta leƙa ta taga ta dawo ta ce wa Faston da ya jagoranci tawagar, in wani ruwan ya same ta a haka, ba ta ba da tabbacin komai ba. Hadari kuwa tun hantsi yake haɗuwa a gabas.

Direban ya ƙi a gyara masa rufin. Wata ƙungiya ta riga su zuwa, ta ajiye masa bargo, ta ɗauki hoton matarsa a kan gado. Da Fasto ya je, a bakin ƙofa ya tare shi.

“Ranka ya daɗe, na gode. Ni na yi wannan rufin, ni zan mayar. Ku je wurin mabarata.”

“Ai ba bara ba ce, Baba. Zumunci ne.”

“To, na karɓi zumuncin. A sauka lafiya.”

Aka fara sauke kaya a gidan maƙwabcinsa. Baba Aro ya goge hannu a wando, ya taka zuwa ƙofar direban yana ɗingishi.

“Maigida, sannu da hutawa. Tsani nake nema.”

“Kun zo gyaran rufi ba tsani?”

“Ka ga irin mutanen da Allah ya haɗa ni da su.”

“Kai ne kafintan?”

“Haka suke cewa.”

Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya shiga ya jawo wani tsani daga bayan banɗaki. Matakinsa ɗaya ya karye. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar an ba shi mota. Sai ya ce gwiwarsa ba ta da gaskiya, kuma waɗannan 'yan ofis in sun riƙe tsani waya suke dannawa, ko Maigida zai taimaka ya riƙe masa?

Ya riƙe. Yana riƙe yana faɗa. Ƙusar ta yi gajere, kwanon ya karkace, a zamaninsu ba haka ake jera katako ba. Baba yana sama yana cewa, “Gaskiyarka.” Nas ta ce ba ta taɓa ganin an yi wa Baba gyara haka ya yarda ba. A shago, ka ce masa ƙafar kujera ta karkace, sai ka kai yamma kana jin bayani.

Da aka gama na maƙwabcin, Baba ya zauna a ƙasa ya sa wa tsanin sabon mataki. Ya ɗauka ya kai har tsakar gidan direban, ya jingina shi da bangon ɗakin da ba rufi.

“Ba na mayar da kayan aro ban gwada ba,” in ji shi. Ya hau.

“To, ka gwada. Sauko.”

“Ya ɗauki mutum. Ban sani ba ko zai ɗauki mutum da katako.” Ya leƙa ta katanga ya ce wa mai walda ya miƙo ɗaya.

Direban ya bi katakon da kallo. Iska ta fara kaɗa tampol ɗin.

“Kai tsohon nan, ka ɗauka ban gane ba?”

“Na san ka gane. Riƙe dai.”

Hannun direban yana kan tsanin, bai riƙe ba, bai kuma sake ba. Sai murya ta fito daga cikin ɗakin, a hankali, tari na katse ta.

“Maigida, riƙe masa. In ya faɗo, mu biyu za ka yi jinya.”

Ya riƙe. Da ya ga masu miƙa kwano suna ɓata lokaci, shi ya shiga ba su umarni, wane ya tsaya nan, wane ya matsa can. Babu wanda ya fito da waya. Ana buga ƙusoshin ƙarshe ɗigon farko ya sauka. Nas tana ciki tana sauya zanen gado, ta ce matar ta kwanta tana kallon sama, tana sauraron ruwa a kan kwano. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ya fi na da ƙara.” Tana nan da ranta. Tarin ya tafi.

Baba, kai ne mai roƙo don kada wani ya roƙa. Kai ne ke shiga gida da hannu wofi, don mai gidan ya fara bayarwa. Ba ka taɓa tambayar wanda ka hau rufinsa inda yake ibada ba. Ba ka taɓa yin wa'azi a kan wannan ba, ko shaida a gaban jama'a ba ka tashi ka ba da ba. Ka bar mu muna yi maka dariyar mantuwa shekara da shekaru, kana taya mu.

Bana gwiwa ta yi nasara. Likita ya ce ba sauran hawa, Mama, matarsa, ta ce ita ma ta sa hannu. Ranar da tawagar za ta fara tafiya ba shi, ya zo harabar coci da sandarsa ya zauna a inuwa. Mai walda ne sabon shugaba. Mutum ne mai tsari, ya sayo tsanin ƙarfe mai naɗewa, ya ɗaure shi a saman mota. Baba yana gani.

Wanda ke tuƙa motar ikilisiya yanzu shi ne tsohon direban nan. Ba ɗan ikilisiyarmu ba ne. Duk damina yakan zo da kansa, ya ce ba zai bar mutanen da ba su iya riƙe tsani su riƙe sitiyari ba. Ya zagaya motar yana duba tayoyi, ya ɗaga kai. Ya kwance igiyar, ya sauke tsanin, ya jingina shi da bangon coci.

“Baba Direba, ai sabo ne,” in ji mai walda.

“Na gani. Can za mu ara.”

Mun gode, Baba Aro. Allah ya ba gwiwar sauƙi, ya ba Mama haƙurin zama da kai a gida. Ku kuma da za ku fita taimako, da kwano ko da magani ko da ilimi, ku duba kayanku kafin ku tashi. Ku bar abu ɗaya a gida.