Kabarin da Gwaggo Ta Hana Ni Shiga

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Ni kuwa shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina cin tuwon da ba don ita ba da ban ci shi ba.

Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina sabon ango, ina lodin auduga a Daudawa. Wata rana da hantsi na hau bisa mota ina jan igiya, ta tsinke, na faɗo ta ka. Aka yayyafa mini ruwa, aka murza mini babban yatsa, shiru. Aka cicciɓo ni zuwa gida. Mu dai ba ma jinkiri da gawa, kuma hakan shi ne daidai. Kafin azahar an gama haƙa kabari, an yanko alawayyon likkafani.

Gwaggo ta zauna bakin ƙofar ɗakin da aka shimfiɗe ni, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. "Hankalinshi ne ya tahi, rai shina nan," in ji ta. "Mai son wanke shi, shi tsallake ni."

Kowa ya kawo abin da ya sani. Tanko, wani Bamaguje abokin noman babana, ya ce kurwata ce ta firgita ta tsaya inda na faɗi, a je can a kira ta. Malamin asibiti, Bayerabe ne, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Ya kara madubi a hancina, ya ce yana ganin kamar ya yi ɗan gumi, ya ƙara da cewa a garinsu ma tsofaffi sukan ce kan mutum na ciki daban, na waje daban. Liman ya ce sanin ruhi sai Allah, amma ba a binne mutum bisa shakka.

Gwaggo ba ta yi boko ba, karatunta ma bai wuce na salla ba, amma ita ta gano cewa mutum ukun nan, kowa da addininsa, magana ɗaya suke yi: saninka yana iya yin nisa alhali kana nan. Ta ce wa Tanko ita ba ta zuwa bakin hanya kiran kowa. Ta roƙi Liman addu'a, ta sa bakinta a kunnena ta shiga yi mini faɗa. "Kai malalaci, tashi! Ka aje ɗiyar mutane wata biyu, ka ce za ka tahi? Wa ka bar ma gonar gero?"

Ga abin da nake son masu karatu su ji, kuma ba ni da shakka a kansa: ina ji. Na ji baffana yana tsara inda matata za ta yi takaba, ransa kwance. Na ji kukanta. Na so in ce ina nan, ko fatar ido na kasa ɗagawa, kuma tsoron da na ji a lokacin ban ƙara jin irinsa ba. Muryar Gwaggo ce kaɗai ke magana da ni, sauran duk magana suke a kaina. Ita na bi, kamar mai bin sautin turmi zuwa gida. Washegari da la'asar na yi atishawa. Aka tura aka mai da ƙasar kabarin.

Bara na je asibiti duba wani maƙwabci da ya yi dogon suma. Ga na'urori suna ƙirga bugun zuciyarsa, ga 'ya'yansa a tsaye suna gardamar wanda zai riƙe shago. Da Gwaggo ta gani, na'urorin za ta yaba, sannan ta kore su waje da zagi. Ni na matsa kusa na gaishe shi da sunansa, na ba shi labarin damina.

Ba ta bar gida ko shanu ba, Allah Ya jiƙanta. Ta bar mini yaƙinin cewa mutum bai ƙare a inda bakinsa ya tsaya ba. Yanzu da tsufa ya zo, na tara 'ya'yana na gaya musu: ranar da kuka ga na yi shiru, kada ku yi gaggawa, kuma ku kula da abin da kuke faɗa. Zan iya zama ina jin ku.