Fuskar Inna a bangon Bature

Akwai abin da ya same ni a Jidda wanda ba zan manta ba har in koma ga Allah. Lokacin ina saurayi a unguwar Karantina, sana'ata rubuta allunan shaguna da yi wa motocin kaya ado.

Wani injiniya ɗan ƙasar Ayaland da ke aiki a tashar jiragen ruwa ya ga zanena a jikin mota, ya kira ni gidansa. Da gurguwar Larabci ya ba ni tatsuniyar kakanninsa. Wai akwai matan teku masu sanye da fatar dabbar ruwa, idan sun fito gaɓa sai su tuɓe ta. Wani masunci ya ɓoye fatar ɗayarsu, ta kasa komawa gida, ta tsufa a garinsa tana kallon ruwa.

"Ita nake so a bangon falona," in ji shi.

Ni kuwa na san matar nan. Innata ce. Ta zo aikin hajji tana budurwa, hanyar komawa ta gagara. Duk yamma sai ta zauna bakin ƙofa, ta juya fuskarta wajen teku.

Ita na zana, baƙa, da tsagenta na kumatu, zaune kan duwatsu a bakin teku. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Can kuma ta tambaya a hankali, "Na yi kyau?"

Baturen ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, "Halas, shukran," wato shi ke nan, na gode. Na ɗauka ya ji daɗi.

Bayan sallar layya Inna ta rasu. Na je gidan Baturen don kawai in ƙara ganin fuskarta. Na tarar da teku yana nan yadda na bar shi, duwatsun ma nawa ne, amma matar ta zama fara mai jan gashi. Ya sa wani ya shafe ta.

"Matan tekunmu ba haka suke ba," ya ce da murmushi, har yana miƙo mini shayi.

Ban karɓa ba. Yau na tsufa, ina ɗaukar buroshi in nemi kamanninta, hannuna ya kasa. Tun ranar na gane cewa abin da kake ƙauna ba a ajiye shi a bangon wani, komai daɗin labarin da ya ba ka.