Carbi Mai Gicciye a Gidan Hajiya

Ɗaki ɗaya muke haya a Zongon Wagadugu, a gidan wata Hajiya mai sayar da goro, tun ana ce wa ƙasar nan Hot Bolta. A sanina, mu kaɗai ne Katolika a gidan. Maigidana yana gyaran ƙananan babura, mobilet, a unguwar Gungin, ni kuma ina wanki wurin masera, matan majami'a masu farin lulluɓi. Ɗana bai kai yaye ba, ga yawan zazzaɓi, kuma Hajiya ce ke riƙe min shi har in dawo. Duk ranar da ta ce ta gaji, to aikina ya ƙare ke nan, don ba ni da kowa a Wagadugu.

Masera suka koya mana haɗa carbinmu, wanda muke ce wa shapile: ƙwaya goma, ƙulli, wata goma, gicciye a ƙarshe. Suka ce duk wadda ta gama nata ta ba wani, ba a yi shi don zaman akwati ba. Nawa shuɗi ne, ya yi kyau ƙwarai. To, wa zan ba? A Zongo kowa da carbinsa a hannu. Na naɗe shi cikin kayan yaron, ina ta juya maganar.

Wata rana na manta ban cire shi daga kayan ba. Da na dawo, sai ga ɗana a cinyar Hajiya, gicciyen a bakinsa yana sosa dasashi, ɗaya gefen kuma a hannunta. 

"Zo nan, 'yar nan," in ji ta. "Mijin nan nawa ya zo min da tsaraba. Naku ne?"

"Namu ne, Hajiya."

Ta bi ƙwayoyin da babban yatsa. "Goma-goma kuke ja? Me kuke cewa?"

Tunda ta tambaya, na faɗa mata: muna gaida Maryamu, muna roƙo ta yi mana addu'a wurin ɗanta. Na ƙara da cewa an ce mu bayar. 

"Ni za ki ba?" Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "Nawa daga Makka ya zo, da shi za a same ni. Amma ke idonki yana kan yaro kaɗai. Yarinyar da ke jera min goro a ganye, kin taɓa kallonta in za ta ci tuwo?"

Ban taɓa ba. Baƙuwa ce daga ƙauye, ba ta jin Hausa sosai.

"Sai ta juya baya, ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji da kafaɗu, da sauri kamar mai korar ƙuda. Tana tsammani ban gani. Taku ce, tsoro take ji. Kai mata. Amma ki sake zaren tukuna, wannan ko mijina mai haƙori biyu ya kusa tsinka shi."

Ta ba ni zare mai ƙarfi cikin kayanta. Na zauna a gabanta na sake haɗa shi, tana yi min tsiya wai ƙullina na malalata ne.

Da na miƙa wa yarinyar, ta fara duban Hajiya. Hajiya ta ɗaga mata kai. Sai ta karɓa da hannu biyu, ta rataya a wuya, a saman riga.

Ran Lahadi na goya ɗana za mu tafi majami'a tare da ita. Hajiya ta tare mu a zaure.

"Sauke min mijina. Jikinsa da ɗumi, ba zai sha ranar nan ba. Ku je ku dawo."

Na kwance goyon na miƙa mata shi.